Daga Zaure Zuwa Falo: Ina Tsakar Gida Ta Shiga?

  

Da Malam Edita ya nemi in rubuto wani abu na tarihi a wannan fitowa, sai na zaɓi maganar gida. Dalili kuwa shi ne, yawancinmu mun kai shekarun da ake ɗora harsashi. Wani ya sayi fuloti, wani ya tara bulo, wani ma har ya kai linta yana jiran kuɗin kwano. Gida kuwa ba riga ba ne balle a ce in ta matse a mayar wa tela. Abin da ka gina bana, a cikinsa iyalinka za su tsufa, 'ya'yanka su tashi. Abin da nake son nunawa shi ne, kakanninmu na wannan ƙasa ta Gwandu sun iya haɗa abu biyu a gida ɗaya, wato sutura da sarari: ba mai ganin iyalinsu, amma kuma iyalin suna ganin sama suna shan iska. Mu kuwa a gidajen zamani sai mu riƙe ɗaya mu saki ɗaya. Yadda aka yi haka ta faru yana da tarihinsa, kuma tarihin bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba.

Bari mu fara da shiga tsohon gida, irin wanda har yanzu ake samu a cikin Dangoma da Kalgo da tsohon garin Gwandu. Kafin ka kai ƙofa akwai fili, wanda mu mutanen yamma muke kira garka, da dakali ko inuwar itace. A nan maigida ke zama da maraice, a nan ake ɗaurin aure da raɗin suna da zaman makoki. Daga nan sai zaure. Zaure na kowa ne: baƙo ya sauka a ciki, almajiri ya kwana, malami ya ba da karatu, masaƙi ko baduku ya yi sana'arsa. Amma ku tuna da wani abu da muka saba gani har muka daina lura da shi, wato ƙofar shiga zaure da ƙofar wucewa ciki ba su kallon juna. Ɗaya na nan, ɗaya na can gefe, dole sai mai shiga ya karkata. Saboda haka ko da ƙofofin biyu sun yini a buɗe, wanda ke tsaye a kan hanya ba abin da zai gani sai bango.

Bayan zaure akwai wani ɗan fili inda ɗakin samari da na baƙi suke, da turken doki ko na jaki a gidan da ke da su. Sannan sai shigifa, wadda ita ce iyakar namiji baligi wanda ba muharrami ba, shi ma sai in aminin maigida ne. Bayanta ne cikin gida yake. Watau kowane mutum da inda matsayinsa ke tsayar da shi, kuma ba sai an ajiye maigadi ya gaya masa ba, ginin ne ke faɗa masa. Talakan da ba shi da halin gina soro ma bai rasa wannan ba. Da kara da zana yake kewaye gidansa, sa'an nan ya kafa wata zanar a bakin shiga ta tare ido, mai shiga ya kewaye ta.

To, me ke can ciki da ake ta wannan kaffa-kaffa a kansa? Fili ne buɗaɗɗe wanda ba shi da rufi. Ɗakuna suna jingine da katanga, ƙofar kowanne na kallon tsakiya. Ɗakin kansa ƙarami ne, na kwana ne da ajiyar kaya da jeren mace. Sauran rayuwa duk a waje take: daka da surfe da girki da wanki da kitso da kaɗi da renon yara, da dare kuma tatsuniya. Ga rijiya, ga rumbu, ga murhu, ga turken awaki, ga itaciya mai inuwa. Idan bazara ta tsananta, a watan Afrilu da zafi ke haura awo 40, kowa ya jawo tabarmarsa ya kwana a fili, ba mai ganinsa. Ni a ganina tsakar gida ita ce ɗaki mafi girma a gidan Bahaushe, kuma ita ce ɗakin da aka fi zama a ciki.

Ƙanƙantar ɗakuna kuma ba son rai ba ne kawai, kayan gini ne suka jawo. Rufin soro da azara ake yinsa, wadda ake tsagowa daga giginya don gara ba ta cika cinta ba. Azara kuwa in ta wuce kamar ƙafa shida ba abin tallafi, nauyin ƙasar da ke kanta zai lanƙwasa ta. Wanda ke son ɗaki mai faɗi sai ya nemi gwanin magini ya yi masa bakan gizo ko ɗaurin guga, wannan kuwa aikin sarakuna ne da attajirai da masallatai, kamar yadda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a tsakanin 1834 da 1846. Shi ma mai halin, a zaure ya fi kashe kuɗinsa, don nan ne fuskar gida. Bangon tubali kuma kauri gare shi, yakan sha zafin rana ya riƙe, sai dare ya yi nisa ya sake shi. Shi ya sa ɗakin ƙasa ke da sanyi da azahar, da dare kuma a bazara a gudo tsakar gida. Ɗaki da fili suna karɓa-karɓa ne, kowanne da lokacinsa.

Wannan tsari ba jiya aka fara shi ba. Lokacin da Bature Kilabatan ya isa Sakkwato a watan Maris na 1824, ya rubuta cewa sai da aka bi da shi ta zauruka da dama, ɗaya bayan ɗaya, kafin ya kai gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Shi kuwa Bajamushen nan Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya iso Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi, ya yi kwanaki a garin, har ya sami littafin Tarihin Sudan a hannun wani malami ya kwafi abin da ya samu kwafa, amma bai sa Sarki a idonsa ba. Halilu mutum ne mai zuhudu da keɓewa, bai yarda ya gana da shi ba, sai ta hannun 'yan aike. Duk nisan da mutumin nan ya keto tun daga Tarabulus, zauren Gwandu ya tsayar da shi.

Akwai kuma shari'a a bayan ginin. Malamanmu na addini sun karantar da mu abin da ke cikin Suratun Nur game da neman izini kafin shiga gidan wani, da lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini, wato kafin sallar asuba da tsakar rana da bayan lisha. Fiƙihun Malikiyya kuma ya yi bayani filla-filla a kan haƙƙin maƙwabci: ba a buɗe taga inda za ta leƙa cikin gidan wani, ba a yin ƙofa daidai saitin ta maƙwabci a ƙaramin lungu, ba a sakar wa wani ruwan indararo a gidansa. A nan Gwandu ma, cikin shekarun 1830, Alƙali Idrisu ɗan Halidu ya tattara littafin hukunce-hukunce don amfanin alƙalai, kuma a ciki akwai irin waɗannan mas'aloli na gini da maƙwabtaka. Wato tun kafin a san wani abu wai shi hukumar tsara birane, akwai inda mutum zai kai ƙara idan aka leƙa masa gida.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa bayan shigifa kurkuku ne. A irin waɗannan gidaje ne jajiyoyin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, suke tara mata 'yan taru suna karantar da su. Haka kuma tsakar gida masana'anta ce kuma kasuwa. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina cikin shekarun 1960, ta tarar da cewa ciniki mai yawa, har da na hatsi, daga cikin gidaje mata ke yinsa, yara na kai da kawo. Mu da muka tashi muna ganin ana soya ƙuli-ƙuli, ana dama fura, ana turara shinkafa a shanya ta a tsakar gida kafin a kai kasuwa, ba mu bukatar Baturiya ta gaya mana. Abin lura kuma shi ne, kulle bai ragu ba da zuwan Turawa, ƙaruwa ya yi. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, ya nuna cewa bayan an hana bauta mata da yawa sun bar aikin gona, domin zaman gida ya zama alamar 'ya mace mai 'yanci. Ke nan a daidai lokacin da mata suka fi bukatar tsakar gida, a lokacin ne wani irin gida da ba shi da ita ya iso ƙasar.

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, kuma cikin 'yan shekaru mazaunin Sarkin Gwandu ya koma Birnin Kebbi inda barikinsu yake. Da fari su ma a gidajen ƙasa suka zauna, maginanmu ne suka gina musu. Gidan Ɗan Hausa na Kano, inda Hanns Vischer ya zauna, yana nan har yau shaida ne. Saboda haka ba a kayan gini bambancin ya fara ba, a tsari ne. Gidan da suka zo da shi, wanda suke kira bangalo, asalinsa daga ƙasar Bengal ta Indiya ne, can suka koyo shi suka yaɗa shi duk inda suka yi mulki. Ɗakuna ne a dunƙule wuri ɗaya a tsakiyar makeken fili, baranda ta kewaye su tana kallon waje, kicin da ɗakunan boyi-boyi suna can baya. A dokar garuruwa ta 1917 kuma Gwamna Lugga ya tabbatar da cewa a bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don gudun sauron zazzaɓi.

In an yi adalci, wannan gida ya dace da mai shi. Razdan ko Di'o ba shi da kulle, sau da yawa ma matarsa na can Ingila. Ba shi da maƙwabci kusa, ga daji ya kewaye shi, don haka nisa ce suturarsa. Da yamma ya zauna a baranda ya kalli furanninsa. Shi ma ya haɗa ciki da waje, amma ta hanyar da ta saɓa wa tamu baki ɗaya: mu mun sa fili a tsakiya mun kewaye shi da ɗakuna, shi ya sa ɗakuna a tsakiya ya kewaye su da fili. Kamar riga ce aka juya ta bai-bai.

Daga bariki sai wannan tsari ya gangaro zuwa gidajen ma'aikata: akawu, malamin asibiti, malamin makaranta. Filin ya tsuke, furanni suka tafi, amma siffar ta zauna. Malamanmu da suka zauna a kwatas ɗin makaranta za su tuna abin da kusan kowannensu ya fara yi ranar da aka ba shi makulli, wato ya aika a sayo zana a kewaye bayan gidan, don iyali su sami inda za su hura wuta su yi shanya. Wannan zana da muke gani muna yara, ashe gyara ce ake yi wa zanen wani injiniya da bai san mu ba. Amma da yake gidan ma'aikaci ne, mai albashi, mai keke ko babur, sai idon jama'a ya ɗauka cewa irin wannan gida shi ne ci gaba.

Abin da ya rage shi ne kuɗi da kaya, su ma suka zo. Kamfanin siminti na Sakkwato, wanda aka kafa a 1962, ya fara fitar da siminti a Kalambaina a 1967. Kuɗin man fetur suka shigo, aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a 1975 har da ariyas, kowa ya tasar wa kwano da bulo. A shekarar ce ma jiragen ruwa ɗaruruwa maƙare da siminti suka toshe tashar Legas. A 1978 aka yi dokar mallakar ƙasa wadda ta sa filaye a hannun gwamnoni, sai yankan fuloti da takardar mallaka suka zama hanyar samun wuri a birni. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, ta ƙudurta gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara. Niyya ce mai kyau, kuma mutane sun amfana, sai dai zanen kusan iri ɗaya ne daga bakin teku har bakin hamada. Duk wanda ya zagaya rukunin gidajen nan a garuruwan Arewa zai ga abin da mazauna suka yi musu: an ja katanga, an ƙara ɗaki, wani ma ya manna zaure a gaba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu nan abin ya same mu gadan-gadan ne bayan ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi ba wurin kwana, aka shiga gina unguwanni irin su Gesse cikin gaggawa, kuma waɗannan gidaje su suka zama abin koyi ga duk mai son gini a ƙauyukan kewaye. Da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2013, mazauninta kuma ya kasance a Kalgo, sai gonakin bakin hanya suka koma fulotai. Yau ɗan Dangoma da ya sami kuɗin shinkafa ko na albashi, in zai yi gini, hoton gidan da ya gani a Birnin Kebbi ko Abuja yake nuna wa birkila a wayarsa.

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi, Malamin Lissafi ya duba mana. A wurin aikina zanen gidaje sukan bi ta gabana, kuma kusan duk tafiyarsu ɗaya. Ɗauki fuloti mai ƙafa 50 a 100, wato murabba'in ƙafa 5,000. A ce mai gini ya bar ƙafa 20 a gaba don mota, ƙafa 10 a baya, ƙafa 10 a kowane gefe. Ginin ya zama ƙafa 30 a 70, murabba'in ƙafa 2,100 ke nan. Saura 2,900, fiye da rabin filin, ba gini a kai. Amma ina yake? Na gaba na mota ne da maigadi da duk wanda ya turo get. Na gefe lungu ne siriri, na janareto da tankin ruwa da tsofaffin tayu. Na baya kuwa a kan ramin masai yake, nan ne kuma aka bar wa uwargida. Mutum ya biya kuɗin fili mai yawa, amma bai sami wurin da mace za ta shimfiɗa tabarma ta cire mayafi ba. Alhali da an tattara ko da kashi ɗaya cikin uku na wannan fili wuri guda a tsakiya, da an sami tsakar gida mai ƙafa 30 a 30 har da ragowa.

Sai kuma falo. Falo ya gaji zaure, amma bai gaji ladabinsa ba, domin shi a cikin gida yake tsundum. A yawancin zanen da ake yi, ƙofar ɗakunan kwana da ta kicin duk ta cikinsa suke bi. Idan abokan maigida suka zo kallon ƙwallo, matar gida ta zama fursuna a ɗaki har a tashi, ko kuwa ta yi ta saka hijabi tana cirewa don ta ɗauko cokali. Maigidan da ke da kunya kuma sai ya daina shigo da baƙi, ya sa benci a bakin get, ko ya shimfiɗa darduma a gareji. Ku duba unguwanninmu da maraice, za ku ga manyan ma'aikata zaune a kan benci tare da maigadi, falo mai kujerun miliyoyi kuwa na can a rufe. Zauren da muka kora ta ƙofa ya dawo a wulaƙance.

Tagogi ma haka. Tun da ɗakuna na kallon waje ne, dole a sa musu ƙarfen tsaro da labule mai kauri, a kuma ɗaga katanga a ɗora mata waya. Iskar da aka yi tagar dominta ta tsaya a bayan katanga. Ga kwano a sama, ga bulo mai rami wanda rana ke ratsawa kafin la'asar. In an ɗauke wuta a watan Afrilu ba wurin gudu, don filin da ke waje ba na kwana ba ne. Haka ake sayen sutura da kuɗin fetur. Sannan ga sabuwar fitina, wato bene. Mutum ɗaya ya ɗora hawa ɗaya ya buɗe taga ta baya, ya gama da tsakar gidan maƙwabta uku ko huɗu. Abin da alƙalin Gwandu zai saurara a shekarun 1830, yau sai a ce da kai ai filinsa ne, kuma yana da takarda.

Kada a ce ina kiran a koma gidan jiya yadda yake. Ginin ƙasa yana da nasa wahalhalu, kuma iyayenmu da suka guje shi ba wawaye ba ne. Duk shekara sai an yi yaɓe, in an yi sake damina ɗaya rufi ya zubo. Mu da ke bakin fadama mun ga abin da ambaliyar 2010 da ta 2020 suka yi wa gidajen ƙasa a wannan jiha. Giginya ta yi ƙaranci, gwanayen magina sun tsufa, 'ya'yansu sun koma birkiloli. Ɗakunan da duhu, ga hayaƙi, ga makewayi kusa da rijiya. Zaman ma ya sake: babban gida mai sassa goma ya rarrabu wajen rabon gado, amaryar yau kuma tana son ƙofarta da kicin ɗinta, kuma tana da gaskiyarta. Abin da nake cewa shi ne, mun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne mun zubar tare. Tubali daban, tsari daban. Ana iya barin tubali a riƙe tsarin.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗan riga mu gane wannan. A garin Yama na jihar Tawa, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya fara ginin masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, kuma a 1986 ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan, wadda ake ba fitattun gine-gine na duniyar Musulmi. Wanda ya fi kusa da maganarmu shi ne wani rukunin gidaje shida da aka kammala a Yamai a 2016, mai suna Niamey 2000. Mariam Kamara, 'yar Nijar mai zanen gine-gine, ita da abokan aikinta uku suka tsara shi. Sun yi amfani da bulon ƙasa wanda inji ke matsewa, ba a gasa shi ba, suka ɗora hawa ɗaya a sama don fili ya isa, sannan suka ba kowane gida nasa buɗaɗɗen wuri na zama da aikin gida, wanda bango ya kare shi daga idon mai wucewa da na maƙwabci. Gidaje ne na zamani sosai, da wuta da famfo da komai, an kuma yi su ne don masu matsakaicin hali irinmu. A 2022 sun shiga jerin waɗanda aka tace don waccan lambar ta Aga Khan. Abin da suka nuna shi ne ko bene ma ba dole ne ya zama abin leƙe ba, in an san inda aka sa taga.

Saboda haka ɗan'uwa, in ka je wurin mai zane, kada ka fara da tambayar ɗaki nawa. Fara da tambayar ina iyali za su zauna da hantsi, ina za su kwana in wuta ta ɗauke. A tura ɗakuna su bi gefen fili gwargwadon yadda dokar gini ta wurin ta yarda, su yi siffar kusurwa ko ta kofaton doki, manyan tagogi da baranda su kalli ciki, na waje su zama ƙanana kuma a sama. Falon baƙi ya sami ƙofarsa daga waje da makewayinsa, ƙofar da ta haɗa shi da cikin gida kuma kada ta kalli ta shigowa. Get ɗin mota daban, ƙaramar ƙofar mutane daban, a sa mata ɗan bango a gaba irin aikin da zanar nan take yi. Kicin ya buɗe zuwa tsakar gida, da rumfa a bakinsa, domin duk gas ɗin da aka saya ranar suna sai an hura itace. A lura da gabas, don daga nan ruwa da iskar damina suke bugowa, shi ya sa magabata ba su cika son buɗe ƙofar ɗaki ta can ba sai da kariya. Ramin masai ya tafi can gaba wajen mota, ba inda yara ke wasa ba. Itaciya kuwa a dasa ta tun ranar da aka haƙa harsashi, kafin a gama biyan bashin kwano ta fara inuwa.

Wannan duk ba ya ƙara yawan bulo da wani abin kirki, wurin ajiye su ne kawai ke sakewa. Maginan da ba su da takarda. Tare da maigida suke shiga fili, gwani ya ja layin ɗaki da ƙafarsa a ƙasa, a tsaya a ciki a duba, in bai yi ba a share a sake ja. Mu ma ba abin da zai hana mu ɗaukar zanen mu je filin da igiya da turaku da toka, mu tafi da uwargida, a shata ɗakunan a ƙasa ta shiga ta tsaya inda aka ce nan ne wurinta, ta duba ko daga get ana hango ta, tun ba a sauke tifar yashi ta farko ba.